Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Masana'antu Da Ma'adinai Na Saudiyya, Bandar Alkhorayef

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ni ma'aikaci ne a wata ƙaramar masana'anta a kudancin Jidda, kuma maganar man dizal ce ta kawo ni.

Ba sai na tuna maka alƙawarin Oktoban 2021 ba, lokacin da Yarima Muhammad bin Salman ya ce nan da 2060 Saudiyya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa, kafin 2030 kuma za a rage tan miliyan 278 a shekara. Mun ji, mun yi murna. An kuma ce za a daina ƙona gangar mai miliyan ɗaya a kullum, tashoshin wuta da masana'antu da gonaki su koma iskar gas da lantarki.

To, ranka ya daɗe, tsadar ta iso, bututun gas ɗin bai iso ba. Litar dizal da ake sayarwa halala 75 (halala 100 ce riyal ɗaya) a 2023 ta koma riyal 1.15 a Janairun 2024, bayan shekara guda ta kai 1.66. Na san manufar: a matsa wa mai masana'anta har ya rabu da dizal. Amma ya rabu da shi ya kama me? Wanda ke biranen masana'antu na Jubail ko Yanbu gas na ƙofarsa. Namu kuwa sai jira, domin faɗaɗa bututun da kamfanin mai na ƙasa, Aramco, ya ba da kwangilarsa a 2024, kusan kilomita 4,000, sai 2028 ake sa ran kammalawa. Wa zai ci bashi ya sauya tukunyar tururi da murhun narka ƙarfe saboda gas ɗin da bai san ranar zuwansa ba? Mai gida dai yana ƙona dizal ɗin nan yadda ya saba, sai dai ya fanshe a wani wuri: a soke kuɗin ƙarin lokaci, a rage leburori. Hayaƙi yana nan daram, aljihunmu ne ya ragu. In wannan ne rage hayaƙi, to lallai mun yi nisa!

Ana nuna mana tashar hasken rana ta Sudair mai megawat 1,500, da cibiyar kama hayaƙi da ake ginawa a Jubail. Madalla. Amma an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.



Don Allah, Minista, a fitar da jadawali: wace unguwar masana'antu, wace shekara, wane wata gas zai shiga. Wanda ba a kai masa ba, a dakatar masa da ƙarin farashi har ranar da za a buɗe masa bututu.

Wassalam.