Zaman makoki ya zama kaya a kan masu rashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai albarka domin mu ja hankalin mutanen Jos kan yadda zaman makoki ya juye, ya koma nauyi a kan waɗanda aka yi wa rashi.

A da, in aka yi rasuwa a Gangare ko Unguwar Rogo, ba a ɗora tukunya a gidan sai an share makoki. Maƙwabta ke aiko da kunu da safe, tuwo da dare. Abin yana da asali: da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) ya yi umarni a yi wa iyalinsa abinci. Yau kuwa kafin a dawo daga maƙabartar titin Zariya an kafa rumfa, an jera kujerun haya, an tura yaro ya ciyo bashin shinkafa da ruwan leda, matar mamaci tana kuka ana tambayarta kuɗin cefane.

Daga ina kuɗin ke fitowa? Sau da yawa daga dukiyar mamaci, kuma nan ne ɓarnar take. Tsarin shari'a a fili yake: a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, a zartar da wasiyya muddin ba ta wuce sulusi ba, sauran na magada ne. Ba za mu shiga saɓanin malamai kan sadakar uku da bakwai da arba'in ba; garin da aka kafa Izala a 1978, kuma garin zawiyoyi, ya san wannan muhawara sarai. Amma duka ɓangarorin sun yarda ba a yin sadaka da haƙƙin maraya. Mai son yin waina ko gumba ya yi daga aljihunsa.

Wajen jana'iza ana shelar duk mai bin mamaci bashi ya zo, daga nan maganar ta mutu. A wakilta mutum biyu da littafi ɗaya, a ba da lambar waya, a bi kasuwa da wajen adashi a tambaya, domin mai kunya ba zai zo da kansa ba.

Sai batun waya. Kada a sa sanarwa a Facebook ko WhatsApp sai iyaye da mata ko miji da 'ya'ya sun ji daga bakin ɗan'uwa. Hoton gawa ko na gadon asibiti ba ta'aziyya ba ce, tozarci ne. Wayar mamacin ma a kula da ita. WhatsApp kan goge asusun da ya yi kwana 120 ba a buɗe ba, don haka a kwashe hotuna da saƙonnin murya da wuri, 'ya'ya za su nemi muryar nan wata rana. Layin da aka yasar kamfani kan sake sayar da shi, alhali yana haɗe da banki. A karɓi takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin banki da fansho za su nema, tare da takardar kotu ta izinin tafiyar da dukiyar.

Abin da ya fi damun mu shi ne rana ta huɗu. An naɗe tabarmi, baƙi sun watse, mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma a gabanta, ko zuwa haihuwa in tana da ciki. 'Yan'uwa su raba kwanaki: wa zai kwana, wa zai kai yara makaranta, wa zai biya haya. A daina tsawatar wa mai hawaye. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. In makonni suka wuce ba barci ba cin abinci, ko aka ji tana cewa gara ta bi shi, a haɗa addu'a da ganin likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma wani ya raka ta, kada a ce ta je ita kaɗai.

Wassalam.

Wasu masu hidimar jana'iza,
Jos, Jihar Filato