Rahoton ayyukan shekara: masu shiga kwazazzabo su kaɗai, raunuka da aikin ceto

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobin ƙungiyarmu ta masu ratsa kwazazzabo da igiya. Shugaba ya ce lallai in fitar da rahoton bana kafin babban mitin, kuma wai kar in yi irin na bara da ya ce gajartarsa kamar saƙon waya, to ga shi nan, wanda ya ga na tsallake wani abu sai ya tuna min ranar taro.

Fitar da muka yi ta rukuni ba wani labari mai tsawo, lafiya muka je lafiya muka dawo, banda ƙujewar gwiwa da targaɗe kaɗan-kaɗan da kuma wanda ya baro hular kwanonsa a mota sai da muka tsaya jiransa. Sababbin da suka yi rijista an koya musu sauka da igiya a ƙaramin dutse kafin a kai su kwazazzabo na gaske. Kwamitin kaya ya duba igiyoyinmu taku-taku da hannu, waɗanda dutse ya ci rigarsu har ana hango cikin an yanyanka su gunduwa-gunduwa don kar wani ya gani a sito ya ce ai da sauranta. Shi ke nan na wannan ɓangaren.

Abun da ya cinye mana shekarar shi ne maganar masu shiga su kaɗai. Sau uku aka samu matsala da ɗan ƙungiya bana, kuma duka ukun mutum ɗaya ne tilo a ciki ba abokin tafiya.

Na farkon shi ne mai nauyi. Ba zan faɗi suna ba, da yawanku kun sani, kuma ba sabon shiga ba ne, yana cikin waɗanda suka koya min ɗaurin igiya ma. Kwazazzabon ya san shi kamar yunwar cikinsa, akwai wani tafki a tsakiya da ya saba dirawa ciki daga sama, ranar ma haka ya yi, ashe ambaliyar da aka yi kwanaki kafin nan ta kwaso duwatsu ta cika gindin tafkin, ruwan kuma ya yi duhu ba a ganin ƙasa. Da a rukuni ne ƙa'idarmu ita ce mutum ɗaya ya fara sauka da igiya ya taba zurfin da ƙafarsa sannan sauran su yi tsalle, shi kuwa wa zai duba masa? Ya dira, ƙafar hagu ta sauka a kan dutse, ƙashin idon sawu ya karye. Kuma ya riga ya janye igiyarsa daga sauka biyu na baya, kun dai san yadda abun yake, da zarar ka ja igiya ta faɗo to baya ta rufe sai gaba.

Waya ba sabis, wannan kowa ya sani. Yana da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam amma inda yake bangon dutse ne hagu da dama, sama kamar zare ake hangowa, saƙon ya ƙi fita. Sai da ya ja gindi a cikin ruwa da tsakuwa har inda wurin ya ɗan buɗe, a nan ne saƙo ɗaya ya samu ya wuce, lokacin rana ta kusa faɗuwa. Amma gaskiyar magana kafin saƙon nasa ya iso mai tsaron waya na wannan makon, wato ɗan ƙungiyar da ke jiran labarin waɗanda suka fita, ya riga ya fara kira, saboda bawan Allah ya bar takardar fita, sunan kwazazzabon, inda zai ajiye mota, lokacin da yake sa ran fitowa da lokacin da in ba a ji shi ba a ta da ƙararrawa. Aka sanar da jami'an ceto, mu muka bi su a matsayin waɗanda suka san hanya kawai, don aikin nasu ne ba namu ba. Jirgi mai saukar ungulu bai iya sako igiya a wannan matsatsin ba, kuma da dare ba wanda zai tura mutane cikin ruwan nan, sai da gari ya fara wayewa aka shiga.

Ina cikin waɗanda suka fara isa gare shi. Usur ɗinsa muka fara ji, don ƙarar ruwa ba ta barin murya ta yi nisa, da ihu ya dogara da shi da mun wuce ta samansa ba mu sani ba. Mun same shi a kan wani ɗan tudun dutse ya zauna a kan jakarsa da naɗin igiya don kar sanyin dutse ya shige shi, ya lulluɓa da bargon nan na leda mai ƙyalli, ƙafar kuma ya ciro soson bayan jaka ya naɗe ta ya ɗaure da guntun igiya, ɗori mai kyau wallahi. Amma leɓensa ya canza launi, magana tana fita a hankali kamar mai barci, na miƙa masa kofi hannunsa ya kasa riƙewa. Ma'aikacin lafiyar da ke tare da mu ko kallon ƙafar bai fara yi ba, sanyin ya fara yaƙa tukuna. Da zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga matsala, kuma ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, shi ko rigar robar da ya sa siririya ce ta yini ɗaya, bai yi shirin kwana ba. Fitar da shi a gadon ɗaukar majinyaci ya ci kusan yini guda, ana saukar da shi da igiya mataki-mataki. Yanzu dai Alhamdulillahi an yi masa aiki yana takawa da sanda.

Ta biyun 'yar'uwarmu ce, kuma ita ba a ma kai ga ceto ba, na sako ta ne don abun da ta yi ya cancanci a ji. Ta sauka cikin irin ramukan nan da ruwa ke ƙwaƙulewa a jikin dutse kamar tukunya, masu santsi, waɗanda in ruwa ya cika sai ka yi iyo ka fita ta ɗaya bakin, in kuwa ruwan ya ja baya to bakin ya fi ƙarfin hannunka, ƙafarka kuma ba ta taɓa ƙasa. In ku biyu ne, ɗaya ya taka kafaɗar ɗaya ya haye. Kai kaɗai, sai jifa da jakar yashi mai igiya ta tsallake bakin ramin ko Allah zai sa ta riƙe nauyinka. Ta ce ta yi jifan nan har kafaɗarta ta mutu, jakar tana dawowa. Abun da ya fisshe ta shi ne ba ta janye igiyar saukarta ba, ta bar ta a rataye sai ta tabbatar da mafita, shi ne ta sa ɗaurin furusik guda biyu, wato ɗaurin siririyar igiya da ke damƙe babbar igiya in an ɗora masa nauyi, ta hau igiyar ta koma inda ta fito, sa'a kuma saukar farko ce don haka akwai hanyar komawa da ƙafa. Ta fito da yatsu duk a saɓule tana rawar ɗari, ta kira mai tsaron waya saura kaɗan lokacinta ya cika.

Na ukun kam haushi da dariya. Mutum ya bar takarda yadda ya kamata, ya gama lafiya, ya koma gida ya kwanta barci wayarsa ba caji, bai ce wa kowa ya fito ba. Mutanenmu suka bar ayyukansu suka kama hanya da tocila, aka je ba mota a wurin, sannan hankali ya ɗan kwanta. Ya ba da haƙuri mun haƙura, amma don Allah takardar fita ba ta ƙare ba sai ka ce na fito.

Bayan na farkon ne aka yi zaman nan mai zafi da wasunku suka halarta, inda aka kawo shawarar a haramta wa ɗan ƙungiya shiga shi kaɗai kwata-kwata, wanda ya ƙi a cire shi. Masu wannan ra'ayi sun kawo labarin Aron Ralston, wanda ranar 26 ga Afrilu 2003 dutse mai nauyin kusan kilo 360 ya danne masa hannun dama a kwazazzabon Bluejohn da ke jihar Utah a Amurka, ya yi awa 127 a wurin, a ƙarshe ya karya ƙasusuwan hannun ya yanke shi da 'yar wuƙa, ya sauka igiya kusan mita 20 da hannu ɗaya, ya yi ta tafiya har ya haɗu da wasu iyali 'yan ƙasar Holan. Suka ƙara da na wani dattijo ɗan shekara 64 da ya faɗi a wannan yankin dai a 2011 ya ji rauni a ƙafa, ya yi kwana huɗu yana rarrafe kafin a gan shi. Ɗaya ɓangaren suka ce to ai yawa ma ba ya hana mutuwa, mutum 11 ambaliya ta kashe a kwazazzabon Antelope na Arizona a watan Agusta 1997 alhali ruwan can nesa aka yi shi ba a kansu ba, mutum 21 a Saxetbach na Suwizalan a watan Yuli 1999 kuma da jagorori a tare da su, mutum 7 a kwazazzabon Keyhole cikin gandun Zion na Amurka a Satumba 2015, duk a rukuni suke. Gaskiya ne, ambaliya ba ruwanta da yawanku. Sai dai ni a ganina an haɗa abu biyu da ba su haɗu ba, ambaliya hasashen yanayi ne maganinta, ka duba duk faɗin yankin da ke zubo ruwa cikin kwazazzabon ba saman kanka kaɗai ba, in da shakka ka fasa. Matsalar mai tafiya shi kaɗai daban ce, ƙaramin abu ne ke zama babba, targaɗen da a rukuni za a riƙo ka a fito kafin duhu shi ne zai sa ka kwana cikin ruwa. Kuma Ralston da dattijon nan abu ɗaya suka yi tarayya a kai wanda ya fi kaɗaicin muni, ba wanda suka faɗa wa inda za su.

Ba a haramta ba. Dalili kuwa in muka haramta ba dainawa za su yi ba, ɓoyewa za su yi, takardar nan da ta ceci mutuminmu ita za mu fara rasawa. Abun da aka tsaya a kai shi ne duk mai shiga shi kaɗai dole ya bar takardar fita wurin mai tsaron waya, da ainihin awa ba "da yamma" ba, in ya canza kwazazzabo a hanya ya sanar kafin sabis ya ɗauke, kuma ba a ba da aron igiya ko na'urar ƙungiya ga wanda bai cika wannan ba. Tsalle cikin tafki kai kaɗai kuwa mun ce a bari gaba ɗaya, a sauka da igiya ko da an san wurin.

Kan na'urori tunda ana yawan tambaya. Akwai wadda aikinta kiran gaggawa kawai, tana aika sigina a kan megahaz 406 zuwa taurarin tsarin ceto na ƙasa da ƙasa mai suna Cospas-Sarsat, ba a iya rubuto maka amsa ta cikinta. Akwai irin su inReach na kamfanin Garmin masu amfani da taurarin Iridium, da su za ka iya rubutu a dawo maka da amsa, wanda ke da amfani don masu ceto su san karaya ce ko zubar jini. Wayoyin iPhone tun daga 14 da ya fito a 2022 su ma suna da kiran gaggawa ta tauraro a ƙasashen da aka buɗe tsarin. Dukansu dai sai sun ga sama, a cikin tsaga mai zurfi ba tabbas, kuma a jikinka ya kamata ta kasance ba can ƙasan jakar da ruwa zai iya tafiya da ita ba.

Tirenin ɗin rabin shekara na ƙarshe mun juya shi gaba ɗaya ya koma kan ceton kai. Hawa igiya da furusik, wuce ƙulli a tsakiyar sauka, da abun da za ka yi in gashi ko bakin riga ya maƙale a ƙarfen sauka, wanda igiya ke bi ta cikinsa ya rage maka gudu, kana rataye ba kowa, wato ka ɗora nauyinka a kan wani ɗauri sama da ƙarfen ka zare, ba ka zaro wuƙa kusa da igiyar da ke ɗauke da kai ba. Na ga manyanmu da suka shekara da shekaru a harkar suna gumi a mita uku da ƙasa sun kasa, ni ma sai a karo na uku na iya, ba abun kunya ba ne amma ya nuna mana inda muke. An kuma tuna wa kowa cewa mai sauka shi kaɗai ba shi da wanda zai ja masa igiya daga ƙasa ya tsayar da shi in hannunsa ya kuɓuce, don haka ɗaurin kariya da zai damƙe igiyar in ka saki hannu dole ne a busasshen wuri, amma a ƙarƙashin ruwa mai ƙarfi wannan ɗaurin da ƙullin ƙarshen igiya su ne za su iya riƙe ka a inda za ka nutse, sai an san inda ake amfani da kowanne. Sannan lambobin nan da kuke gani a littattafan hanya kamar 3B III, a tsarin Amurka 1 zuwa 4 wahalar aikin igiya ne, A zuwa C yanayin ruwa, I zuwa VI tsawon lokaci, ku sani ba a rubuta su da tunanin mutum ɗaya mai ɗauke da duk igiyoyi a bayansa ba.

Lissafin kuɗi ma'aji zai kawo nasa daban, ni dai abun da na sani mun sayi ƙarin na'urorin saƙo da bargunan gaggawa da usur na rabawa. Har yanzu muna neman waɗanda za su shiga jerin masu tsaron waya don mutane kaɗan ne ke ta juya shi tsakaninsu sun gaji, kuma akwai na'ura ɗaya da igiya doguwa da aka ara tun tsakiyar shekara ba a dawo da su ba, sunan wanda ya ara yana cikin littafin sito, a taimaka a zo da su ranar mitin kafin in karanta shi a gaban kowa.

Naku,
Sakataren ƙungiya