Wasiƙar godiya ga sashen gashin ƙashi na asibitin unguwarmu

Assalamu alaikum. Mu ungozomomi da masu horar da mata 'yan gudu ne muka rubuto, don mu gode muku a bainar jama'a kan yadda kuke kula da masu jegon da ke son komawa fili, musamman waɗanda haihuwa ta haɗe musu da tsohon rauni.

Babban abin da ya burge mu shi ne ba ku ɗaukar arba'in a matsayin izinin gudu. Kuna bin ƙa'idar da masu gashin ƙashi na Birtaniya suka fitar a 2019, wato a jira aƙalla mako 12, kwana 84 ke nan. Dalili kuwa, tsokokin ƙasan mara da suka ɗauki nauyin ciki ba su gama komawa ba. Wadda aka yi wa aiki ma, ɗinkin waje kan warke tun naman ciki bai yi ƙwari ba.

Ko lokacin ya cika, sai kun gwada mai jegon: tafiyar minti 30, tsayuwa kan ƙafa ɗaya daƙiƙa 10, sassarfa a wuri ɗaya minti 1, tsalle 10 da kowace ƙafa kamar mai langa, da ɗaga diddige sau 20. A nan tsohon targaɗen idon sawu yake tona kansa, domin ƙafar da ta ji ciwo kan gaji da wuri, ƙugu ya karkace, nauyi ya koma kan gwiwa. In ta ci gwajin, ta fara da sassarfar minti 1, tafiyar minti 2, tana tsallake rana. Nisa ake fara ƙarawa, sauri daga baya.

Yadda kuke rarrabe ciwo ma abin koyi ne. Tsamin jiki da zafinsa bai wuce 3 cikin 10 a ma'aunin ciwo ba, wanda ya lafa kafin gari ya waye, ba ya hana horo. Amma ɗigar fitsari, jin nauyi a gaba kamar wani abu zai sauko, dawowar jini, ko ɗingishi, duk a tsaya. Ciwon ƙwauri da za a iya nunawa da yatsa ɗaya kuwa kuna tura shi hoto, saboda shayarwa kan rage ƙwarin ƙashi na ɗan lokaci, ƙashin ya yi saurin tsagewa. Mai haki idan ta kwanta, ga kumburin ƙafa, likitan zuciya kuke haɗa ta da shi nan take, kuma daidai ne, tunda ciwon zuciyar jego ba baƙo ba ne a Arewa.

Har shawarar a shayar da jariri kafin fita da sake auna takalmi ba ku raina ba, don ƙafa kan ƙara faɗi bayan ciki.

Roƙonmu ɗaya, a ƙara ma'aikata mata, domin da yawa ba sa iya faɗa wa namiji zancen fitsari. Allah Ya saka muku da alheri.

Naku,
Ungozomomi da masu horarwa