Takardar Koke Ga Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu Kan Turmutsutsu A Wuraren Wasan Mawaƙa

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu,
Alhaji Sama'ila Muhammad Mera.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa magajin Kanta lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, mu iyayen yara ne mazauna cikin gari, kuka muka kawo. A wasan Sallar da ta wuce, wasu masu shirya taro sun gayyato mawaƙi suka kafa masa dandamali a fili, amma abin da ya raba shi da jama'a igiya ce guda ɗaya da samari riƙe da dorina. Da kiɗa ya yi zafi aka fara liƙi, sai na baya suka danno. Igiya ta tsinke. Masu tsaro suka hau duka, na gaba suna neman ja da baya, na baya ba su san abin da ake ciki ba. Da ƙyar muka zaro yaranmu, wasu a sume, takalma kuwa sai da safe aka tsinto.

Mutane suna zaton tattakewa ce kaɗai ke kisa. A irin wannan matsi mutum a tsaye yake mutuwa, domin an danne masa ƙirji har numfashi ya gagara. Haka mutum 10 suka rasu a wasan Astroworld a birnin Houston na Amurka a 2021, cikinsu har da yaro ɗan shekara 9. A gida ma, a Disambar 2024, yara 35 ne suka rasu a wani taron yara a Ibadan.

Roƙonmu, Allah ya taimaki Sarki, a sa baki tare da ƙaramar hukuma kada a sake ba kowa izinin wasa sai an ga shingen ƙarfe a gaban dandamali. Ba irin na ɗaure dabbobi muke nufi ba. Wanda ake amfani da shi a manyan wasanni tsayinsa ya kai wajen ƙirjin babban mutum, yana da faranti shimfiɗe a ƙasa ta ɓangaren 'yan kallo, nauyin masu tsayuwa a kai shi ke hana shi kifewa. Ta bayansa akwai matakala inda ma'aikaci zai taka ya ɗago wanda ya galabaita. Tsakaninsa da dandamali a bar fili da ruwan sha da masu agajin gaggawa. Masu waldar garin nan za su iya ƙera shi in an ba su samfuri, amma a sa injiniya ya gwada ƙarfinsa kafin a jingina rayuka a kai.

Sai dai shinge marar mafita tarko ne. A filin ƙwallon Hillsborough na Ingila, a 1989, shingen da aka killace 'yan kallo da shi ne ya hana su tsira, mutum 97 suka rasa rai. Ko ganuwar Surame, tsohon birnin Kanta, da ƙofofinta aka gina ta. Don haka a bar hanyoyin fita a buɗe, a ware wa mata da yara ɓangarensu, masu liƙi su riƙa shiga ta gefe kaɗan-kaɗan. A kuma gaya wa mawaƙi tun farko cewa in aka ɗaga masa hannu, ya tsayar da kiɗa nan take.

Garin da ke tara dubban baƙi a bikin kamun kifi na kogin Matan Fada tun 1934, wanda hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa bikinsa cikin kayan gadon duniya a 2016, ya san yadda ake riƙe taro. Muna roƙon a miƙa wannan ƙwarewa ga ƙananan wasannin unguwanni, a kira masu shirya su da masu unguwanni zama ɗaya kafin Salla mai zuwa. In an buƙace mu, za mu zo da yaran da abin ya shafa.

Allah ya ƙara wa Sarki imani.

Talakawanka masu biyayya,
Iyayen yara da mazauna garin Argungu, Jihar Kebbi.