Wasiƙa daga Sakkwato kan ƙanƙarar duwatsu da shuka gajimare

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin Idaho? Mu nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, leɓe duk ya tsage. Inna na gaishe ka.

Ka tambaye ni dalilin da ya sa ƙanƙarar da ka gani a jikin ƙarfen eriya bisa dutse ta tsiro gefe guda, wajen da iska ke fitowa. To, ba daga sama ta zubo ba. Gajimaren da ke lulluɓe dutsen cike yake da ƙananan ɗigon ruwa da sanyinsu ya wuce sifili amma ba su daskare ba. Ruwa mai tsabta yakan kai kusan digiri 40 ƙasa da sifili yana nan ruwansa, muddin bai sami abin kamawa ba. Iska na maka shi a jikin ƙarfe sai ya daskare nan take, na baya ya zo ya hau kansa. Irin wannan ƙanƙarar ce ke kama fukafukin jirgin sama, matuƙa ba sa wasa da ita.

Masu shuka gajimare kuwa, wato masu zuba masa sinadari don ya sako ruwa ko dusar ƙanƙara, ita suke jira. Sukan kafa na'urar auna taruwar ƙanƙara a kan duwatsu, in ta fara taruwa sun san gajimare na riƙe da ruwan da bai sako ba. Sai su ƙona sinadarin silba ayodayid, daga ƙasa ko daga jirgi, hayaƙin ya shige ciki. Ƙirar ƙwayarsa ta yi kusa da ta ƙanƙara, shi ya sa tun daga wajen digiri 5 ko 6 ƙasa da sifili ruwa ke kama ta ya daskare. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ke biyo baya. Ƙwayar ƙanƙarar nan sai ta shiga zuƙe tururin da ke kewaye da ita, ɗigon ruwan su yi ta ƙafewa suna ciyar da ita, har ta yi nauyi ta faɗo. Wajen digiri 15 ƙasa da sifili ta fi saurin girma, can take fitar da rassa shida masu ado. A digiri 5 ƙasa da sifili kuwa siririya take fitowa kamar allura. Ikon Allah!

Abin ya samo asali ne daga binciken ƙanƙarar jiragen sama da wani masanin kimiyya, Vincent Schaefer, ya yi a Dutsen Washington da ke Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1946 ya watsa busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar carbon dioxide, cikin gajimare daga jirgi, a shekarar kuma Bernard Vonnegut ya gano amfanin silba ayodayid. An daɗe ana gardama, don wa zai rantse cewa ba don sinadarin ba da dusar ƙanƙarar ba ta sauka ba? Sai a 2017, nan Idaho inda kake, rada ta nuna layukan dusar ƙanƙara suna bin sawun jirgin da ya watsa sinadarin daidai. Ko da haka ƙarin ba wani mai yawa ba ne: gwajin da aka yi a jihar Wyoming ya kiyasta kashi 5 zuwa 15 cikin 100.

Da na kawo zancen a majalisa, wani ya ce gwamnati ta kawo abin nan a cika dam ɗin Goronyo tun da rani. Na ce masa da wane gajimare? Hazonmu ƙura ce daga Sahara, ba ruwa a cikinta, duwatsun da za su tura iska sama kuma ba mu da su. Burkina Faso ta fara nata shirin, Saaga, a 1998, amma da damina suke yi, lokacin da hadari ya riga ya haɗu. Ni da za a ji tawa, a fara yashe dam da gyara magudanun fadama tukuna.

Albasa ta yi kyau bana, sai dai kuɗin mai na ban ruwa ya cinye riba. Ka sanar da ni ko za ka zo sallah.

Naka,
amininka na Sakkwato