Kafin a ce Dajin Falgore, Kogin Kano ake ce masa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan asalin sunan Dajin Falgore, wanda a 'yan shekarun nan ba a cika jin an ambace shi ba sai a labarin 'yan fashi da ɓarayin shanu, har ta kai yara masu tasowa suna zaton tun fil azal sunan daji ne.

Falgore sunan gari ne, kuma har gobe mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Doguwa. Akwai ma wata Falgoren daban a ƙaramar hukumar Rogo. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka keɓe dajin a shekarun 1940, da sunan ruwan da ya ratsa ta tsakiyarsa suka rubuta shi, wato gandun dajin Kogin Kano. Sai a shekarun 1960, da aka ɗaga matsayinsa ya zama gandun namun daji, aka laƙaba masa sunan garin, sunan kuwa ya bi shi.

A ganina tsohon sunan ya fi faɗin gaskiyar amfanin wurin. Dajin yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma itatuwansa ne ke riƙe ƙasar da kogin ke bi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwan nan shi manoman rani na Kadawa da Kura ke ban ruwa da shi, shi ne kuma ke haɗuwa da Kogin Challawa ya gangara Haɗeja. Duk itacen da masu gawayi suka sare a Falgore, ƙasar da yake riƙe da ita ruwan damina zai kwashe ya jibge a cikin madatsar, amma da yake sunan kogin ya fita daga bakin mutane, manomin tumatir a Kadawa ba ya ganin ɓarnar ta shafe shi.

Ba ina cewa a sauya suna ba ne, domin mutanen Falgore sun cancanci a san garinsu da abin alheri. Roƙona shi ne jaridarku ta tura wakili ya zauna da dagatai da dattawan yankin, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano kuma ta naɗi abin da suka gada daga iyaye game da kafuwar garin da sunayen duwatsu da ƙoramun da ke cikin dajin, a buga shi da Hausa yadda ɗaliban yankin za su iya karantawa.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Jihar Kano