Takardun Baba

Dogo,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Na san ka ƙullace ni, wata biyu ka tambaye ni batun sayen hannun jarin banki na yi gum. Jiya ne abin ya taso mini.

Muna kwashe kayan ɗakin marigayi Baba a Tudun Wada, sai ga takardun hannun jarinsa a gindin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin babbar rigar sallah, naɗe cikin leda, duk sun sha ƙamshin turarensa. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Ka tuna 2007? Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya riga ya ce kowane banki ya tara naira biliyan 25, bankuna 89 sun koma 25, kuɗi ya yi musu katutu. Ga manomin Giwa na neman na taki, ga masaƙun Kaduna na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, bankunan kuwa sai ba mutane bashi suke yi don su sayi hannun jari. Farashi ya yi ta hawa, Baba ya zuba kuɗin sallamarsa kakaf. A 2008 kasuwar ta kife, shekarar da bankin Lehman ya durƙushe a Amurka, gangar mai ta faɗo daga dala 147 zuwa ƙasa da 40. Sanusi ya gaji Soludo a 2009 ya zuba naira biliyan 620 cikin bankunan da suka jigata. Masu ajiya sun tsira, alhamdulillah. Baba kuwa takarda ce ta rage masa, Hajjin da bai je ba ke nan.

Kai da kake barci a ajin Malam Tsoho, ka ma san shekarun nan kuwa?

Inna ta ce haka kakanmu ya sha ba su labari. Bayan kasuwar Amurka ta faɗi a 1929, auduga da gyaɗa suka yi kwantai, haraji kuwa bai jira kowa ba, har jakinsa sai da ya sayar. Mutumin da ko ƙofar banki bai taɓa gani ba! Abin nan na ci mini rai ƙwarai.

Af, Iliya ya ƙara aure, 'yar Samaru ce, ya ce tukwicinka na nan. Mai shayinmu na Kwangila ma tun wahalar takardun kuɗi ta 2023 ya koma karɓar taransifa, ya daina rubuta bashi a kwali, amma naka na nan bai goge ba.

Takardun suna wurina. Inna ta ce kada a ƙona. Yaushe za ka shigo?

Naka,
Ɗanjuma